Shayin Japan da Na Dama wa Alhaji Modu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da na dama wa Alhaji Modu shayin Japan ba. Ko na so in manta, mutanen unguwarmu Bulabulin, a nan Maiduguri, ba za su bar ni ba.

Bari in fara gaya maka ko wane ne Alhaji Modu, don in ba ka san shi ba, ba za ka gane inda abin ya yi min zafi ba. Ajinmu ɗaya a firamare. Ni ne monita, ni ke riƙe bulala in malam ya fita. Shi kuwa yana can bencin ƙarshe yana gyangyaɗi, ƙafa duk kashin shanu, don sai ya raka babansa Kasuwar Shanu kafin ya zo makaranta. Ni na kai tsakiyar sakandare, tsoho ya rasu, na ajiye biro na kama sitiyari. Shi ko firamaren bai ƙarasa ba. Yau tirela ke ɗaukar masa shanu zuwa Kudu, ya gina bene a unguwar Moduganari, ni kuwa ina gidan gado ina toshe rufi da leda duk damina. Har gobe in ya gan ni sai ya ɗaga murya ya ce, "Monita!" Mutane suna cewa ƙauna ce. Ni na san abin da nake ji.

Na yi shekaru ina tuƙi a wata ƙungiyar agaji, cikin waɗannan da suka cika garin nan lokacin da abubuwa suka ɓaci. A can aka haɗa ni da wani injiniyan ruwa ɗan Japan, mai haƙa rijiyar burtsatse. Sunansa ya gagari bakinmu, muka sa masa Malam Shiru, don sai ku wuni a mota bai ce maka ci kanka ba. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya daka wa kowa tsawa ba. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. Duk yammacin da muka dawo daga aiki, sai ya wanke hannu, ya shimfiɗa 'yar tabarma a ɗakinsa da babu komai a ciki, ya fito da wani akwatin katako, ya haɗa shayinsu da suke kira maca.

Ba irin shayinmu ba ne da ake tafasa ganye a tace. Ganyen ne aka niƙa ya zama gari, kore shar, laushinsa ya fi na hodar jarirai. A cikin akwatin akwai kwanon ƙasa mai faɗin baki, da ɗan cokalin gora siriri kamar abin sosa kunne, da 'yar rariya, da jan ƙyalle, sai kuma babban kayan aikin: maburgin gora da aka tsaga bakinsa sili-sili kamar gashin baki. Zai ɗauraye kwanon da ruwan zafi ya goge, ya tankaɗe garin kaɗan a ciki, ya bar ruwan ya huce tukuna ya zuba, sannan ya kaɗa da sauri, gaba da baya, har kumfa ta rufe. Sai ya juya kwanon a tafin hannu ya miƙa wa baƙo, ya sunkuyar da kai. Duk wannan ba magana. In akwai baƙo, shi ba ya sha. Ba sukari, ba madara, ba citta.

Ya sha miƙo min. Ni kuwa in na leƙa na ga abu kore da kumfa kamar gansakukar bakin kwata, sai in ce ina azumi. In ranar ya gan ni ina cin gyaɗa a mota, sai in ce olsa ce ta tashi. (Na tabbata mutumin nan ya koma ƙasarsu yana ba da labarin wani direba waliyyi mai ciwon ciki.) Amma kallo kam na yi. Ni abu in na gani sau biyu na riƙe, shi ya sa aka yi ni monita.

Da zai tafi sai ya ba ni akwatin gaba ɗaya, har da sabon gwangwanin gari, ya riƙe da hannu biyu ya rusuna. Wasu direbobin an bar musu waya, wani ma an bar masa firiji. Ni maburgi. Na kawo gida na ɗora bisa kwaba, ya zauna can yana shan zafin Maiduguri, bazara ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ana cikin haka ƙungiyar ta rage ma'aikata, kuma kowa ya san in za a rage, daga direba ake farawa.

Zaman gida ga mai iyali ba sai na yi bayani ba. Ina cikin wannan hali na ji a majalisa cewa direban Alhaji Modu idonsa ya yi rauni ya ajiye aiki, kuma Alhaji yana neman wanda zai riƙa tuƙa shi, shi da kansa, Kano, Abuja, duk inda ya nufa. Aiki ne da aka yanka daidai wuyana. Na san hanya, na san mota, ba na shan komai, ban taɓa buge ko akuya ba.

Matata Falmata ta ce, "Baban Fanna, abokinka ne fa. Ka shirya ka je ka same shi ka ce kana so."

Na ce, "Ni? In je ƙofar gidan Modu in tsuguna cikin masu jiran sadaka? Yaron da nake tasa daga barci da bulala?"

Ta ce, "Bulalar za mu dafa?"

Na riga na shirya dabarata. Zan gayyato shi gidana, in nuna masa cewa ni na zauna da manyan mutane na ƙasashen waje, na san ladabi, na san tsari, ba irin direbobin tasha ba ne. Shi da bakinsa zai ce, "Monita, ai irinka nake nema." Ni kuma in ɗan yi jim, in ce zan duba. Ka ji lissafi.

Ranar Juma'a bayan an idar na tare shi a bakin masallaci. Ya kama hannuna yana girgizawa, yana gaishe ni da Kanuri. "Monita! Wushe, wushe! Ina ka shige?"

Na ce ina nan, hutu nake ɗan yi. Na ce ya zo gida gobe bayan la'asar in ba shi shayin Japan, irin wanda sarakunansu ke sha, wanda ni ma na saba da shi tun ina aiki da su, yanzu in ban sha ba kaina ciwo yake.

Ya ce, "Har Japan ma shayi suke sha? Na ɗauka mota kawai suka iya. Zan zo, wallahi zan zo."

Washegari na tashi da aiki. Na fitar da kujerun falo na jibge a tsakar gida, don ɗakin Malam Shiru babu kujera. Na cire kalandar bango. Na share, na shimfiɗa tabarma guda a tsakiya. Na saki labule saboda rana. Falmata tana tsaye tana kallona, hannu a ƙugu.

"Tashi za mu yi?"

"Baƙo zan yi."

"To bari in jiƙa shinkafa in yi sinasir, a samo ko ɗan nama ne. Alhaji guda zai shigo gidan nan."

Na ce a'a. A tsarin Japan ba a cika wa baƙo ciki. Ɗan abu mai zaƙi guda ɗaya ake ba shi kafin shayi. Na ce ta samo dabino ta sa ɗaya a faranti.

"Ɗaya?"

"Ɗaya."

Ta dube ni yadda ake duban wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. Duk da haka sai da ta cika kasko da garwashi ta zuba turaren wuta ta ajiye a lungun ɗakin, don 'yar Barno ko za ka yanka ta ba za ta bari baƙo ya shiga ɗaki ba turare ba. Ɗaki rufe, labule a sake, hayaƙi ya tsaya cak kamar gajimare.

Da na buɗe gwangwanin na ga garin ba kore shar ba ne kamar yadda na sani. Ya koɗe ya koma kalar kukar da ta kwana biyu a kasuwa, yana wani wari kamar tsohuwar ciyawa. Na ce a raina ai shayi ba ya lalacewa. Falmata ta ce, "Ka ɗan gwada mana tukuna." Na ce gwangwanin ƙarami ne, ba na ɓarna ba ne. Gaskiyar magana, tsoro nake ji.

Alhaji ya iso cikin farar shadda, sabuwa fil, tana ƙara in ya motsa. Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da Kyari, wani dillalin shanu da ba ya rabuwa da shi, mutum ne da bakinsa ba linzami, kuma duk abin da ya gani da rana kafin magariba ya kai Kasuwar Shanu. Na aika Falmata ta ƙaro dabino ɗaya.

Suka yi sallama suka shigo suna raha, sai suka tsaya. Ɗaki wayam, duhu-duhu, hayaƙi, tabarma guda, akwatin katako a tsakiya.

Kyari ya ce, "An yi muku sata ne?"

Na sa yatsa a baki. Na ce a hankali, "Ba a magana in an fara." Na ba su ruwa suka wanke hannu. Sannan na tuna wata ƙa'ida: Malam Shiru yana roƙon baƙi su cire zobe da agogo, kada su karce masa kwano. Na dubi hannun Alhaji na ce, "Alhaji, a cire zoben."

Yanzu fa kai da kake karantawa ka riga ka hango ramin. Ni ban hango ba. Zoben azurfa ne, mai dutse, irin wanda kowa a garin nan ya san ba don ado ake sa shi ba. Tun yana saurayi yake hannunsa, wani malaminsa ne ya ba shi saboda baki da sammu. Mutum mai dukiya, mai maƙiya, ka kira shi ɗaki mai duhu, ka ce ya cire wannan.

Ya ce, "Zoben?"

Na ce, "Ƙa'ida ce. In akwai ƙarfe a hannu ba ya yiwuwa."

Wallahi haka na ce. Ba ya yiwuwa. Alhaji ya dubi Kyari, Kyari ya dubi ƙofa. Kunya ce kawai ta sa ya zare zoben, amma bai ajiye ba, ya damƙe shi a hannun hagu.

Na miƙa wa kowa dabinonsa ɗaya. Ba wanda ya ci. Sai na naɗe ƙafa na durƙusa a gabansu, gwiwa biyu, irin zaman Malam Shiru. (Ka lura, mutumin da ya rantse ba zai tsuguna a ƙofar gidan Modu ba, ga shi ya durƙusa masa a cikin gidansa, da ƙafafunsa, ba wanda ya sa shi.) Na zaro jan ƙyallen na warware shi a iska, na ninke, na goge cokalin gora a hankali, daga gindi zuwa baki. Na goge murfin gwangwani. Na ɗauraye kwano. Ina yi ina motsa leɓe, don ina bitar abin da ke biye kada in tsallake.

Kyari ya matsa kusa da Alhaji ya koma Kanuri, ƙasa-ƙasa, sai ka ce ni ba a Bulabulin aka yanke min cibiya ba. Ce masa yake, "Ba Modu," (haka yake kiransa don girmamawa) "ka ga jan ƙyalle? Ka ga bakinsa yana motsi?" Na ji sarai. Amma a raina na ce, yauwa, abin ya fara burge su.

Wajen ɗibar garin shayin na ga cokalin nan ya yi ƙanƙanta. Malam Shiru sau biyu yake ɗiba, amma shi ba shi da baƙo irin Alhaji, kuma mu a nan rowa ce ka ba babban mutum shayi tsararo. Na karkata gwangwanin na zazzage kusan rabi. Rariya kuwa na manta da ita sam. Ruwa yana tafasa a kan gawayi, ban jira ya huce ba na kwarara. Na kama maburgi na fara kaɗawa. Kumfa ta ƙi tashi. Na ƙara ƙarfi. Abin ya yi kauri, ya yi gudaji, ya koma kamar lallen da aka kwaɓa wa amarya. Gumi yana zuba min a ido, gwiwoyina sun mutu, ɗakin ba abin da kake ji sai shak-shak-shak.

Na ɗauki kwanon na ɗora a tafin hannu, na juya shi sau biyu, na ajiye a gaban Alhaji, na kai goshi kusa da tabarma.

Alhaji ya ce, "Ina naka?"

Na ce, "Mai haɗawa ba ya sha. Naka ne kai kaɗai."

Kyari ya saki salati da ƙarfi. Ya ce, "Ba Modu, tashi mu tafi. Wallahi ko a Baga ban ga boka mai tsari irin wannan ba."

Sai a lokacin idona ya buɗe. Na dubi ɗakin da idonsu: duhu, hayaƙi, jan ƙyalle, gari a gwangwani marar rubutun da za a iya karantawa, an cire wa mutum zobe, an juya kwano, an ce shi kaɗai zai sha. Kuma duk unguwa ta san ba ni da aiki, ta san yana neman direba. Ko ni aka yi wa haka, da tuni na tsallake katanga.

Na ce, "Haba Alhaji! Shayi ne fa! Shayi!"

Alhaji bai tashi ba. Mutum ne mai sanyi, wannan kam ba zan hana shi ba. Ya tura kwanon gabana da ɗan yatsa ya ce, "Monita, a gidan ubana mai shayi shi ke fara kurɓa. Ka ce kullum kana sha. Bismillah."

Ba hanyar gudu. Na ɗauki kwanon da hannu biyu, na ce bari in kashe maganar gaba ɗaya, na yi masa kurɓar yunwa, baki cike.

Na sha maɗaci ina yaro. Na sha jiƙon darbejiya lokacin shawara. Duk wasa ne. Wannan abu ɗaci ne da ƙarni, ga zafi ya sale min harshe, ga gudajin gari busasshe ya fashe a maƙogwaro ya bi ta hanci. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa, Allah ya sani na yi. Ido ya kawo ruwa, kumatu suka kumbura. Sai tari ya zo tare da atishawa, ban samu ko juyar da kai ba.

Farar shaddar Alhaji, daga wuya har aljihu, ta koma kore. Har gemunsa.

Kyari ya yi tsalle ya manne da bango yana cewa, "Ya koma kan mai shi! Wallahi ya koma kan mai shi!" Daga bayan labule na ji Falmata ta ce, "Innalillahi," sannan na ji wani sauti da har yau take rantsuwa kuka ne.

Alhaji ya mayar da zobensa tukuna, kafin komai. Sannan ya ciro hankici ya share gemu. Ni ina durƙushe ina tari, na kasa tashi don ƙafafun ba nawa ba ne. Na rarumi jan ƙyallen zan goge masa riga, ya ja da baya da sauri ya ce, "Bar shi, bar shi, na gode." Falmata ta fito da ruwa a buta tana ba da haƙuri, tana cewa, "Alhaji, wallahi shayi ne, wani Bature ne ya ba shi." Ya ce, "Na sani, Ya Falmata, ba komai." Suka fita. Dabino biyu suna nan a faranti.

Kafin sallar isha labari ya riga ni zuwa masallaci. A bakin Kyari, ɗakin har da ƙwarangwal, kuma wai da na kurɓa sai da na yi magana da muryar mace.

Na yi kwanaki ban fita ba. Da na ga zaman ba zai yi ba, na wanke ƙafa na tafi Moduganari, na zauna a ƙofar gidan Alhaji cikin masu jira, a kan benci ɗaya da su, har ya fito. Ya ja ni gefe. Na fara rantse-rantse, ya ɗaga hannu.

"Na san ba asiri ba ne. Mai asiri ba ya shan kayansa ya ƙware. Amma me ya kai ka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Aikin tuƙin nan nake so."

Ya ce, "Kai ne mutum na farko da ya zo min a rai. Na yi ta jira ka yi magana. Ni kuma na ji nauyin in ce wa monitana ya zo ya riƙa buɗe min ƙofar mota, kada ka ce na raina ka. Ranar da ka tare ni a masallaci na ce to, yau zai faɗa. Sai ka ce shayi."

Na ce, "To ga shi na faɗa."

Ya ce, "Ka makara. Ko ban ba kowa ba, yanzu iyalina ba za su yarda in shiga mota daga ni sai kai ba. Hajiya ta sa an ƙona rigar." Ya ƙara da cewa, "Ƙanin matar Kyari ya fara shekaranjiya."

Yaron nan ko ribas bai iya ba. Na gan shi da idona ya goga motar a bakin get.

Yanzu Keke Napep nake ja, na wani ne, in kai masa balas da yamma. Yara in na wuce suna kirana Bokan Japan, wasu fasinjoji in sun gane ni sai su ce za su jira na baya. Akwai kuma masu zama su yi shiru har mu yi nisa, sannan su matso kusa da kunnena su tambaya ko koren maganin nan yana yi wa mai neman kasuwa. Ina ce musu yana yi, amma ga ƙanin matar wani.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kada ka miƙa wa mutum abin da kai ba ka taɓa kai wa bakinka ba. In kuma kana son abu a hannun wani, buɗe baki ka ce kana so. Roƙo ɗaci gare shi, na yarda, amma na ɗanɗana duka biyun, kuma shi ana iya haɗiye shi.